Fayil ba ya mayar da magana: yadda ake gwada ƙaurar kwamfutar kwaikwayo zuwa fayil a QEMU

Idan aka ƙaurar da kwamfutar kwaikwayo daga wata saba zuwa wata ta hanyar sadarwa, QEMU biyu ne ke aiki a lokaci guda (QEMU ita ce manhajar da ke gudanar da kwamfutar kwaikwayon), ɗaya na aikawa, ɗaya na karɓa. In wani abu bai zauna daidai ba, mai karɓar zai faɗi nan take, a ga kuskuren tun kwamfutar tana raye a gidanta na farko. Ƙaura zuwa fayil ba ta da wannan gata. Duk abin da aka zuba wa fayil zai karɓa, mai kyau da marar kyau, QEMU ya nuna "completed", kowa ya kama gabansa. Sai bayan mako uku, ranar da aka zo tayar da ita, a tarar fayil ɗin ba ya loduwa, ko kuma ya lodu amma abin da ke ciki ya gurɓace. A lokacin kuwa ta asalin an daɗe da kashe ta. Shi ya sa kalmar "completed" rabin labari ce kawai, kuma gwajin da ya tsaya a kanta bai gwada komai ba.

A nan za mu riƙa kiran kwamfutar zahiri da "mai masauki", ta kwaikwayon da ke zaune a cikinta kuma "baƙuwa", yadda masu wannan aiki ke kiransu.

Abin da ke shiga fayil ɗin kashi biyu ne: RAM na baƙuwar gaba ɗaya, sai halin da kowace na'urar kwaikwayo take ciki a wannan daƙiƙa, wato rajistocin CPU, agogo, katin sadarwa, layukan virtio da sauransu. Faifai ba ya ciki. A riƙe wannan, domin za mu dawo kansa, kuma nan ne aka fi yin asara.

Daga dabara zuwa hanya ta musamman

Shekaru da dama ana yin wannan aiki ne da dabara. Ko dai a ce wa QEMU ya miƙa bayanan ga wani umarni na waje, kamar migrate "exec:cat > ajiya.bin", ko kuma manhajar da ke kula da shi, irin su libvirt, ta buɗe fayil ɗin da kanta ta miƙa masa lambar riƙonsa ta hanyar fd:. A duka biyun QEMU bai san fayil yake rubutawa ba. A wurinsa bututu ne kawai mai tafiya gaba, ba komawa baya.

Illar haka tana fitowa ne idan baƙuwar na aiki yayin da ake ajiye ta. RAM a rarrabe yake zuwa shafuka, kowane shafi bayit 4096 a kan x86. QEMU yana aika dukan shafukan a zagayen farko, sannan ya koma ya sake aika waɗanda baƙuwar ta taɓa a bayansa, ya sake komawa, har sai abin da ya rage ya yi ƙanƙantar da za a iya tsayar da ita a ƙarasa cikin ƙayyadadden lokaci, wanda a asali milidaƙiƙa 300 ne. A hanyar sadarwa sabon kwafin shafi yana danne tsohon ne a RAM na mai karɓa, ba abin da ke taruwa. A fayil kuwa kowane kwafi yana bin bayan ɗan uwansa. Baƙuwa mai gigabayit 4 da ke yawan rubutu tana iya haifar da fayil da ya fi RAM ɗinta girma, kuma ba wanda zai iya faɗin iyakarsa tun kafin a fara.

QEMU 8.2, wanda ya fito a Disambar 2023, ya kawo adireshin file: na kansa, tare da zaɓin offset= don a fara rubutu daga wata tazara cikin fayil ɗin. An yi tazarar ne saboda manhajoji irin libvirt da ke ajiye nasu bayanin a farkon fayil. Sai QEMU 9.0 a Afrilun 2024 ya zo da mapped-ram, wanda ya sauya tsarin fayil ɗin kansa: kowane shafi na da mazauni guda tabbatacce, in an sake aika shi sai ya danne kansa a wannan mazauni. QEMU 9.1 ya ƙara direct-io, wato rubutu kai tsaye a faifai ba tare da yada zango a RAM na mai masauki ba, ya kuma sanya amfani da fd: wajen rubuta fayil cikin jerin abubuwan da za a yi ritaya da su.

Ga yadda mapped-ram yake a ciki. Kowane ɓangaren RAM yana da ɗan kan bayani da ke faɗin girman shafi, inda taswirar shafuka take, da inda shafukan suka fara. Taswirar jerin ɗigo ce, ɗigo ɗaya ga kowane shafi, mai nuna ko an rubuta shi. Gigabayit 4 shafuka 1,048,576 ne, taswirarsu ba ta wuce kilobayit 128 ba. Bayan taswira ana barin fili har iyakar megabayit na gaba, sannan shafukan su jeru. Shafin da sifili ne zalla ba a rubuta shi sam, gurbinsa yana zama rami a fayil. Tunda kowa ya san mazauninsa, layuka da yawa na multifd, tsarin da ke raba aikin ƙaura gida-gida, suna iya rubutu lokaci guda ba tare da sun taka ƙafar juna ba, kuma wannan ne dalilin da ya sa multifd zuwa fayil ba ya aiki sai da mapped-ram. Farashin da ake biya shi ne rasa matse bayanai: mapped-ram ba ya tafiya da xbzrle, mai aika abin da ya sauya a shafi kawai, ko matsewar multifd, domin shafin da aka matse ba shi da tabbataccen girma.

Yadda QEMU ke gwada kansa

Gwajin da ke cikin lambobin QEMU, migration-test a ƙarƙashin tests/qtest, darasi ne mai kyau ga duk mai son rubuta nasa, saboda sauƙinsa. Ba a tayar da Linux ko Windows a ciki. Baƙuwar ɗan ƙaramin shiri ne da ya shige cikin sashen tayarwa guda na faifai. Yana fitar da harafin A ta tashar siriyal, alamar ya tashi. Daga nan ya shiga zagaye marar ƙarshe: daga megabayit 1 zuwa megabayit 100 na RAM, ya ƙara ɗaya a kan bayit na farko na kowane shafi, ya dawo farko. Shafuka 25,344 ke nan. Bayan wasu zagaye yakan fitar da harafin B, alamar yana raye.

Hikimar tana wajen dubawa. A duk daƙiƙar da ka tsayar da wannan shiri, lambar da ke farkon shafukan dole ta zama iri ɗaya tun daga sama har zuwa inda ya tsaya, daga nan ta ragu da ɗaya har ƙasa. Mataki ɗaya tak, wuri ɗaya tak. In bayan lodawa aka tarar da mataki biyu, ko wani shafi a tsakiya mai lambar da ta bambanta da maƙwabtansa, to an bar shafi a baya, ko an loda tsohon kwafinsa, ko an ajiye shi a mazaunin wani. Ba a bukatar kwafin asali don kwatantawa, tsarin lambobin kansa ne shaida.

A gwajin hanyar sadarwa ɓangarorin biyu suna tafiya tare. A na fayil an raba su gida biyu. Ana tayar da mai karɓa da -incoming defer, ya zauna yana jira. Mai aikawa ya rubuta fayil har ya gama. Sai bayan nan ake ba mai karɓa umarnin migrate-incoming, a jira harafin B ya fito daga gare shi, a tsayar da shi, a duba shafukan. Wanda ya ba da umarnin lodawa tun rubutu bai ƙare ba, rabin fayil zai karanta, ya yi ta neman kuskure a inda babu.

Gwajin tazara ma abin koyi ne. Kafin ƙaura ana cika bayit 4096 na farkon fayil da harafin X, a ce QEMU ya fara daga nan. Bayan an gama ana duba abu biyu: X ɗin nan duka suna nan ba a taɓa ko ɗaya ba, kuma daidai inda suka ƙare haruffa huɗun da ke buɗe kowane fayil na ƙaura, QEVM, sun bayyana. Akwai kuma gwajin da ake ba da tazarar banza da gangan, offset=0x20M, wadda ta haɗa lambar tushe 16 da harafin awo, a tabbatar QEMU ya ƙi ta tun a bakin ƙofa.

Ana gudanar da su daga inda aka gina QEMU:

QTEST_QEMU_BINARY=./qemu-system-x86_64 ./tests/qtest/migration-test -r /x86_64/migration/precopy/file

Daga QEMU 10.0 sai an ƙara --full kafin a sami cikakken jerin, in ba haka ba kaɗan ne ke gudana. Zaɓin -l yana lissafo sunayen gwaje-gwajen da ke akwai. Tarko ɗaya da ya kamata a sani: gwajin direct-io yana fara duba ko wurin ajiyar wucin gadi yana karɓar O_DIRECT, zaɓin Linux da direct-io ke dogaro da shi, in ba ya karɓa sai ya tsallake kansa cikin lumana. A na'urar da /tmp ɗinta tmpfs ne, wato wurin ajiya da ke zaune a RAM, kuma Linux ɗinta bai kai 6.6 ba, haka zai faru kullum. Sakamako zai fito ba ja ko ɗaya, alhali ba a gwada komai ba. A saita TMPDIR zuwa faifai na gaske mai ext4 ko XFS, sannan a karanta layukan da aka rubuta SKIP, ba jimillar ƙarshe kaɗai ba.

Gwaji da hannu a kan baƙuwa ta gaske

Ƙaramin shirin can RAM kawai yake gwadawa. Na'urorin da baƙuwarka take da su, sai ka gwada da kanka. Tayar da ita da nau'in inji mai lamba:

qemu-system-x86_64 -accel kvm -machine pc-q35-9.0 -m 4G -drive file=gwaji.qcow2,if=virtio -monitor stdio

A cikinta a ajiye shaida a RAM, ba a faifai ba: dd if=/dev/urandom of=/dev/shm/shaida bs=1M count=1024, sannan sha256sum /dev/shm/shaida. A rubuta sakamakon a wajen baƙuwar. Dalilin amfani da bayanan hargitse shi ne baƙuwar da ta tashi yanzu yawancin RAM ɗinta sifili ne, kuma sifili ba a rubuta shi. Gwaji a kanta zai ƙare cikin ƙiftawar ido, ya ba da ƙaramin fayil, ya bar ka da farin cikin da ba shi da tushe.

Sai a allon umarnin QEMU:

stop
migrate_set_capability mapped-ram on
migrate_set_capability multifd on
migrate_set_parameter multifd-channels 4
migrate_set_parameter max-bandwidth 10G
migrate -d file:/ajiya/gwaji.mig
info migrate

Layin max-bandwidth ba ado ba ne. QEMU yana da takunkumin megabayit 128 a daƙiƙa tun asali, wanda aka sa don kada ƙaura ta shaƙe hanyar sadarwa, kuma yana nan ko da faifai ake rubutawa. Gigabayit 8 cike da bayanai zai ci daƙiƙa 64 ko da faifan NVMe ne. Mutum ya zargi faifai, ya ƙara layuka zuwa takwas, gudun bai motsa ba. A kuma kula da awo: a wannan allo lamba tsirara megabayit ce, a QMP kuwa, hanyar da manhajoji ke ba QEMU umarni, bayit ce. Wanda ya kwashe 1000 daga nan ya kai can ya mayar da gudun bayit dubu a daƙiƙa.

Da info migrate ya nuna an kammala, a rufe QEMU da quit, a yi sync, a kwafe faifan baƙuwar a ajiye gefe. Sannan a tayar da sabon QEMU da umarni iri ɗaya sak, a ƙara -incoming defer, a kunna mapped-ram da multifd, a ba da migrate_incoming file:/ajiya/gwaji.mig. In aka manta kunna mapped-ram a wannan ɓangare, QEMU zai ƙi lodawa da saƙon cewa abin da aka kunna a fayil bai dace da na gida ba, kuma gwamma haka. Bayan lodawa baƙuwar za ta zauna a tsaye, tunda a tsaye aka ajiye ta. Ba mutuwa ta yi ba, cont take jira. A sake lissafa sha256sum, a gwada rubutu a faifai, a gwada katin sadarwa, a leƙa dmesg.

Daga nan a sauya abu ɗaya-ɗaya a maimaita: ba tare da stop ba yayin da wani shiri ke ta rubutu a RAM, ba tare da mapped-ram ba, da direct-io a kunne, rubutu da layi huɗu karatu da layi biyu. Wanda ake yi baƙuwa na aiki ya fi tona asiri, domin a nan ne shafi ke iya zama mai bayanai a zagayen farko ya koma sifili a na biyu. Tsohon kwafinsa na nan a fayil, don haka dole a goge ɗigonsa a taswira, in ba haka ba matacce zai tashi.

Faifai, inda ake yin asara ta gaske

RAM na baƙuwa yana riƙe da iliminta game da faifanta: wane gurbi ne fanko, wane fayil ne a ina, me ke jiran a rubuta. Wannan ilimi ya dace ne da faifan kamar yadda yake a daƙiƙar ajiya kaɗai. In aka ci gaba da gudanar da ta asalin da cont bayan ajiya, ko aka loda fayil ɗin sau ɗaya baƙuwar ta yi aiki ta yi rubutu, sannan aka sake loda shi karo na biyu a kan faifan nan, an haɗa tsohuwar ƙwaƙwalwa da sabon faifai. QEMU ba zai ce uffan ba. Baƙuwar za ta tashi lafiya lau, ta fara rubutu a guraben da take zaton fanko ne alhali akwai bayanai a ciki. Ɓarnar sai daga baya take bayyana, wani lokaci sai a tayarwa ta gaba.

Mai gwaji shi ya fi kowa faɗawa wannan rami, tunda aikinsa ne loda fayil guda sau goma. Maganin shi ne kowace lodawa ta samu sabon rufi, wato ƙaramin faifai mai karɓar sabon rubutu, a kan faifan da aka daskarar (a fara mayar da kwafin da aka ajiye gefe a matsayin gwaji.qcow2): qemu-img create -f qcow2 -b gwaji.qcow2 -F qcow2 rufi.qcow2, a tayar da rufin, a jefar da shi bayan an gama. Saboda wannan haɗari ne virsh managedsave, umarnin libvirt, ke goge fayil ɗinsa da zarar baƙuwa ta tashi, shi kuwa virsh save yana barinsa a hannunka da alhakinsa. Wanda ke son RAM da faifai su tafi a ɗaure, savevm ne nasa, mai ajiye su tare cikin qcow2, sai dai wannan wata hanya ce daban.

Lalatawa da gangan

Hanyar da komai ya tafi daidai ita ce mafi ƙarancin amfani a gwaji. A haɗa wurin ajiya na megabayit 512, a tura masa baƙuwa mai shaidar gigabayit guda. Abin da ake so a gani: ƙaura ta nuna "failed", baƙuwar da ke aiki ta ci gaba da aikinta. A soke ƙaura a tsakiya da migrate_cancel, a gwada loda ragowar. Da mapped-ram wannan ragowa tana da yaudara, domin shafukan na sauka a mazaunansu masu nisa tun da wuri, ls ya nuna fayil mai girman gaske, alhali taswira da halin na'urori sai a ƙarshe ake rubuta su. A yanke wutsiyar fayil mai lafiya da truncate, a tabbatar mai karɓa ya faɗi da saƙon kuskure maimakon ya rataye yana jira.

Sai gwajin da sakamakonsa ke ba mutane mamaki: a sauya bayit ɗaya a tsakiyar shafukan RAM, a loda. Zai lodu. Shafukan ba sa ɗauke da wata lambar tantancewa, QEMU ya yarda da duk abin da ya karanta. Saboda haka duk tsarin da zai ajiye irin wannan fayil ko ya kwafe shi zuwa wani wuri, shi ne zai lissafa sha256sum nasa ya adana. Wajen kwafewa kuma a tuna da ramukan: ls -l girman suna yake nunawa, du -h ke nuna abin da aka ci a faifai. Kayan kwafin da ba su san rami ba za su cike shi da sifili, fayil ɗin da ya ci gigabayit ɗaya da rabi ya koma huɗu. cp --sparse=always, rsync -S da tar -S suna kiyaye su.

Awon gudu ma yana da tasa yaudarar. Ba tare da direct-io ba, rubutun yana sauka ne a RAM na mai masauki kafin ya gangara faifai, karatun da ya biyo baya nan take kuma daga can yake ɗebowa. A yi sync, a zubar da abin da aka tara da echo 3 > /proc/sys/vm/drop_caches, sannan a auna. Abin da direct-io ke yi ke nan, tsallake wannan zango, kuma sai da mapped-ram yake tasiri domin O_DIRECT na bukatar rubutu mai daidaitattun iyakoki, wanda filin megabayit ɗin nan ya tanadar.

Ƙananan abubuwa biyu a gurguje. Agogon baƙuwa zai tashi a lokacin da aka ajiye ta, sai an gyara shi da virsh domtime --sync ko NTP, kuma duk haɗin TCP da ta bari a buɗe ya mutu. Fayil ɗin kuma RAM ne tsirara, da kalmomin sirri da mabuɗan faifan da aka kulle a ciki. QEMU yana ƙirƙirarsa da izinin 0600, kwafin da ka yi ne abin dubawa.

Fayil ya fi manhaja daɗewa

Ƙaura ta hanyar sadarwa tana ƙarewa cikin minti. Fayil kuwa yana iya zama wata shida, a sabunta QEMU sau biyu a kansa. Shi ya sa aka ce pc-q35-9.0 a sama, ba q35 tsirara ba: q35 laƙabi ne da ke nuna sabon nau'i a kowane fitowa, mai karɓa ya tarar sunan injin da ke fayil ya bambanta da nasa ya ƙi. Ko nau'in inji ya dace, ƙaramin bambanci a umarnin tayarwa ya isa: na'ura ɗaya da aka manta, girman RAM da ya sauya, ko fayil ɗin ROM na katin sadarwa da ya ƙara girma bayan sabunta kunshin iPXE. Saƙonnin da ke ɗauke da "Unknown ramblock" ko "mismatch" kusan kullum nan suke nunawa. Haka -cpu host ke ɗaure fayil ga irin masarrafin da aka ajiye shi a kai. Idan ana son ganin abin da fayil na tsohon tsari ya ƙunsa ba tare da loda shi ba, scripts/analyze-migration.py yana zayyano na'urorin da ke ciki.

migration-test yana karɓar QTEST_QEMU_BINARY_SRC da QTEST_QEMU_BINARY_DST, a ba shi tsohon QEMU ya rubuta, sabo ya karanta. Wannan gwaji ya kamata a yi kafin kowace sabuntawa, ba bayanta ba. Akwai kuma wa'adi: tun daga 9.1 ƙa'idar QEMU ita ce nau'in inji mai lamba ya shiga jerin masu ritaya bayan shekara uku, a cire shi bayan shida. Fayil ɗin da aka ajiye da pc-q35-9.0 na 2024 zai wayi gari wajen 2030 babu sabon QEMU da ya san injinsa. Kusa da kowane fayil a ajiye ƙaramar takarda mai ɗauke da cikakken umarnin tayarwa, lambar fitowar QEMU, abubuwan da aka kunna, sha256sum na fayil ɗin, da sunan kwafin faifan da ya dace da shi.